Ƙarin albashi, rabon keken ɗinki, masana'anta ko rajista: wanne za mu matsa wa 'yan takara a kai?

Duk ɗan siyasar da ya riƙe makirfo sai ya ce zai samar wa matasa aikin yi, a yi tafi a watse, ba wanda zai tambaye shi ta wace hanya. Alhali hanyoyin ba su da yawa, kusan huɗu ne ake ta juyawa a ƙasashe masu tasowa: ko a ƙara mafi ƙarancin albashi, ko a raba tallafi da kayan sana'a, ko a jawo masana'antu su zo su kwashi mutane, ko kuma a bi masu ƙananan sana'o'i a yi musu rajista a ba su wata kariya. Kuɗin jiha ba zai ɗauki duka huɗun lokaci guda ba, dole wani ya sha gaban wani, to wanne ya kamata mu ce a fara da shi? An gwada kowannensu a wani wuri kuma an ga sakamako, don haka ba sai mun yi ta musu a kan iska ba.

Kafin nan dai a gane ciwon tukuna. Hukumar ƙididdiga ta NBS ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki a Najeriya sun kai kashi 33.3 cikin 100, sai ga shi a 2023 ta fito da kashi 4.1, mutane suka yi ta zagi wai an dafa lissafi. Abin da ya faru shi ne an canza ma'auni, yanzu duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya samu wani abu to a wajensu yana da aiki. Ni ban ga laifin wannan sosai ba, domin talaka ai ba shi da halin zama ba ya komai, ko cajin waya ne ko dako ko tallan ruwa sai ya yi. Lissafin da ya kamata ya tayar mana da hankali wani ne daban, a cikin rahoton nan dai: sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba takarda tsakaninsu da kowa, ba fansho, ba inshora, ranar da ka kwanta ciwo ranar samu ya tsaya. Wato aiki akwai shi, mai kyan ne babu. Da wannan zan auna hanyoyin nan huɗu.

Na ɗaya, ƙarin albashi. Shi ne ya fi hayaniya saboda yana da ƙungiya a bayansa. A watan Yunin 2024 ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC sun shiga yajin aiki har da kashe wutar ƙasa gaba ɗaya, suka faro daga neman naira dubu 615 suka sauko dubu 250, a ƙarshe Tinubu ya sa hannu a kan dubu 70 a watan Yuli, Kano ta ce za ta biya dubu 71, Kaduna dubu 72, Legas dubu 85. Ma'aikaci ya cancanci wannan har ma fiye, dubu 30 ta 2019 ta haura dala 80 a canjin lokacin, dubu 70 ta 2024 kuwa ko dala 50 ba ta kai ba, ƙari ne a baki ragi a aljihu. Amma wa dokar ta shafa? Ita kanta ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin kamasho da na ƙwadagon gona na lokaci-lokaci. Yaron shago a Kantin Kwari, malamar firamare mai zaman kanta a lungu, mai zuba mai a ƙaramin gidan mai, yarinyar POS, yawancinsu doka ba ta ma san da su ba. Inda ƙarin albashi ya yi tasiri sosai shi ne irin Barazil zamanin Lula, daga riyal 200 na kuɗinsu a 2002 zuwa 510 a 2010, kuma talauci ya ragu, sai dai can babban kaso na ma'aikata suna da takardar aiki, ga fansho mafi ƙanƙanta shi ma a ɗaure yake da wannan albashi, idan ya motsa miliyoyin gidaje ne ke ji a jikinsu. Afirka ta Kudu ta kawo nata a Janairun 2019, rand 20 na kuɗinsu a awa, ta haɗa har da masu aikin gida da na gona, amma rashin aiki a can har yanzu sama da kashi 30 yake. Albashi yana gyara aikin da yake akwai ne, ba ya haifo sabo.

Na biyu, tallafi. Nan ne gwamnoninmu suka fi ƙwarewa, a cika filin wasa da kekunan ɗinki da injin markaɗe da baro, a ɗauki hoto, bayan sati guda rabin kayan suna kasuwa ana cinikinsu. Wannan ba sai na ɓata lokaci a kansa ba. Wanda ya cancanci a duba shi ne N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, tunda an yi shi da gaske: an fara 2016, rukunin farko mutum dubu 200, na biyu dubu 300, kowa naira dubu 30 a wata, ka lissafa za ka ga biliyan 15 kenan duk wata. Ya taimaki mutane, akwai waɗanda suka yi aure da shi akwai waɗanda suka tada jari, makarantun ƙauye sun ga malamai, amma da aka sallame su a 2020 ba wata ƙofa da aka buɗe musu, a Oktoban 2023 kuma aka dakatar da shirin don bincike. Haka ayyukan nan dubu 774 na 2021, mutum dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, dubu 20 a wata har wata uku, shi kenan an gama.

Indiya ta yi irin wannan amma da tsari daban. Dokarsu ta 2005 cewa ta yi duk gidan karkara yana da haƙƙin aikin kwana 100 a shekara, kai ne za ka je ka nema ba kansila ne zai rubuta sunanka ba, idan ba a ba ka cikin kwana 15 ba sai a biya ka alawus, kuma kashi ɗaya cikin uku na guraben na mata ne. Aikin kuma haƙar tafki ne da gyaran hanya da tare zaizaya. Sun sha fama da jinkirin biya da sunayen bogi, amma dai ka ga bambancin haƙƙi da alfarma. A wurinmu inda daga kaka zuwa damina samari ke tafiya cirani, irin wannan da rani yana da ma'ana, sai dai a kira shi da sunansa, maganin yunwa ne, ba aikin da mutum zai gina rayuwa a kai ba ne.

Akwai tallafi guda ɗaya da ya fita daban kuma namu ne, YouWin, gasar tsara kasuwanci ta zamanin Jonathan da Ngozi Okonjo-Iweala, 2011. Kusan mutum dubu 24 suka nema, aka zaɓi 1,200, kowa ya samu abin da ya kai dala dubu 50 a matsakaici. Saboda wani kaso na masu nasarar da ƙuri'a aka fitar da su, wani masani na Bankin Duniya, David McKenzie, ya samu damar bin sawunsu ya kwatanta su da waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba, bayan shekara uku ya tarar an samu ayyuka wajen dubu 7 kuma waɗanda suka samu kuɗin sun fi sauran kaiwa matsayin ɗaukar ma'aikata 10 zuwa sama. Ka ga a nan ba a raba ƙananan kuɗi ga kowa da kowa ba, an ba wa 'yan kaɗan babban kuɗi su ɗauki wasu aiki. Matsalarsa a wajena ita ce sai ka iya zama gaban kwamfuta ka tsara kasuwancinka da Turanci, mai walda a Panteka da ke da yara takwas a ƙarƙashinsa kuma ya fi kowa sanin inda zai sa jari an bar shi a waje tun daga bakin ƙofa. Jihar da za ta kwaikwayi wannan ta karɓi bayani da Hausa, ko da baki ne, a je a ga shagon da ido.

Na uku, masana'antu, kuma nan ne zuciyar mutanenmu take saboda mun taɓa ɗanɗanawa. Masaƙar KTL a Kaduna tun 1957, masaƙar UNTL 1964, Arewa Textiles, ga Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, lokacin da ake busa jiniya mutane su fito kamar an tashi daga Idi. KTL ta rufe 2002, UNTL 2007. Duk mai kishin Arewa yana so a dawo da wannan, to amma a dubi waɗanda suka bi hanyar kwanan nan.

Bangladesh ce babban misali. A 1979 wani kamfani, Desh, ya haɗa kai da Daewoo ta Koriya ta Kudu aka tura mutum 130 suka koyo ɗinkin masana'anta, suka dawo, yawancinsu daga baya suka fita suka buɗe nasu, yau ma'aikatan ɗinki a ƙasar sun kai wajen miliyan 4, mata ne suka fi yawa, kuma tufafi ne sama da kashi 80 na abin da suke fitarwa waje. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, yarinyar ƙauye ta samu albashinta na kanta duk wata. Amma an gina shi ne a kan arhar lebura da kau da kai daga doka, har ranar 24 ga Afrilun 2013 da benen Rana Plaza ya rufto ya kashe mutum 1,134, alhali an ga tsagewar bango tun jiyansa aka ce su koma bakin aiki. Sai bayan an kwashe gawarwaki ne kamfanonin Turai suka sa hannu a yarjejeniyar duba gine-gine, albashi ya tashi daga taka dubu 3 na kuɗinsu zuwa 5,300 a wata, a ƙarshen 2023 ya kai 12,500 shi ma bayan zanga-zanga da asarar rayuka.

Habasha ta ce bari ta bi sahu, ga wutar ruwa mai arha, ta gina rukunin masana'antu na Hawassa a 2016, kamfanin PVH mai Calvin Klein da Tommy Hilfiger ya zo. Ba su da dokar mafi ƙarancin albashi ga kamfanoni masu zaman kansu, kuma da wannan suka yi talla, wani rahoto na jami'ar New York a 2019 ya nuna tushen albashin mai ɗinki dala 26 ne a wata, ƙasa da na duk manyan ƙasashen ɗinki. Me ya faru? Ma'aikata suka riƙa gudu, a koya wa yarinya aiki ta yi 'yan watanni ta ga kuɗin ɗaki da abinci sun cinye albashin ta koma gida, a sake ɗauko sabuwa, aiki ya ƙi sauri. Wasu masana biyu, Chris Blattman da Stefan Dercon, sun yi wani gwaji a ƙasar da masu neman aiki wajen dubu ɗaya a kamfanoni biyar: wasu aka ba su aikin, wasu aka ba su dala 300 da ɗan horo, wasu ba a ba su komai ba. Bayan shekara guda waɗanda suka shiga masana'anta ba su fi wanda aka bari haka samu ba, sama da kashi 70 sun ajiye aikin, kuma sun fi fama da ciwo saboda hayaƙi da sinadarai, masu jari kuma samunsu ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kar masu son rabon jari su yi saurin murna fa, bayan shekara biyar da aka koma duk sun dawo kusan daidai. Sannan yaƙin Tigray ya zo, PVH ta rufe masana'antarta a ƙarshen 2021, Amurka ta cire Habasha daga tsarin AGOA, mai ba ƙasashen Afirka damar shigar da kaya Amurka ba haraji, a Janairun 2022, dubbai suka rasa aiki a kan abin da ba su ji ba ba su gani ba.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne masana'anta ita kaɗai ce cikin huɗun ke iya kwasar mutum dubu goma a wuri ɗaya, amma duk wanda ya ce maka sai an sassauta dokar ƙwadago sannan masu zuba jari za su zo Kano to ka tambaye shi wace dokar? Tamu ta farkon shekarun 1970 ce, kuma a aikace ba ta hana kowa komai ba, ana ɗaukar mutum a matsayin na wucin gadi ya shekara biyar a haka, inji ya cinye masa yatsu a ba shi kuɗin mota, sufetocin ma'aikatar ƙwadago kuwa sai dai ka ji labarinsu. Leburanmu a dala ya riga ya yi arha. Abin da ya kashe masaƙu wuta ce da baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri da lalacewar noman auduga, yanzu ga kuɗin wutar Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, da ya haura naira 200 a kan yunit tun Afrilun 2024, ga dizal. Gwamnan da bai da amsa a kan wuta, maganar masana'antarsa fosta ce kawai. Tunda an gyara tsarin mulki a 2023 jihohi suna da ikon yin dokar wutarsu, babu sauran fakewa da Abuja gaba ɗaya.

Na huɗu, rajista da kariya ga masu ƙananan sana'a. Ba ya cika filin taro, ba abin da za a yanka ribon a kai, shi ya sa ba ka jin sa a kamfen, amma ni shi nake ganin ya fi dacewa da inda mutanenmu suke a zahiri. Barazil ta yi doka a 2008 ta fara aiki 2009, ana kiran tsarin MEI. Mai aski, mai ɗinki, mai gyaran mashin, mai sayar da abinci, zai shiga intanet ya yi rajista kyauta cikin ɗan lokaci, ya samu lambar kasuwanci, duk wata ya biya kashi 5 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi da ɗan haraji kaɗan a takarda guda, shi kenan. A madadin haka yana da fansho idan ya tsufa, yana da kuɗin jinya idan ciwo ya hana shi aiki, mace tana da kuɗin hutun haihuwa, zai iya ba da rasit ya yi wa kamfani ko gwamnati aiki, zai iya ɗaukar yaro ɗaya da takarda. Sharaɗin dai kada cinikinsa ya wuce riyal dubu 81 a shekara. Waɗanda suka shiga sun haura miliyan 10 tun tuni. Ka yi tunanin matar da ke soya ƙuli ko haɗa turaren wuta a cikin gida tana tallarsa a WhatsApp, ta haihu kuma a ce akwai wani abu da zai shigo mata na 'yan watanni, wace rabon keke ce za ta yi mata wannan?

Ba tsari ne marar aibi ba. Da yawa suna yin rajista su daina biya, wasu kamfanoni kuma sun gano wayo, su sallami ma'aikaci su ce je ka yi MEI ka dawo a matsayin ɗan kwangila don su tsere wa haƙƙinsa, kuma asusun fanshon gwamnati ne ke cike giɓin tunda abin da ake biya bai kai abin da za a karɓa ba. Sannan rajista kawai ba ta mayar da mai shayi attajiri.

Mu ma muna da gutsattsarinsa a warwatse. Hukumar fansho ta PenCom ta ƙaddamar da ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu a 2019, hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta yi rajistar sunan kasuwanci dubu 250 kyauta a lokacin korona, dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya buɗe kamfani, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ce kowa ya shiga. Amma kowanne ofishinsa daban, fom ɗinsa daban, kuma ba wanda ke ba ka abin da za ka gani da idonka a shekarar farko, shi ya sa ƙaramin fanshon bai je ko'ina ba. Abin da Barazil ta yi shi ne ta ɗaure su wuri ɗaya da biya ɗaya.

Ɗan'uwan wannan shi ne rage wa mai ɗaukar aiki nauyi. A nan idan kamfani zai ɗauke ka da takarda zai zuba kashi 10 na fansho, kashi 1 na NSITF (asusun diyyar rauni a wurin aiki), kashi 1 na ITF (asusun horar da ma'aikata), ga inshorar rai, to mai ƙaramar masana'antar leda ko gidan biredi sai ya ga gara ya riƙa biya a hannu kullum yamma. Kolombiya a 2012 ta zaftare kashi 13.5 daga irin wannan kuɗi ga masu ƙaramin albashi, ta mayar da nauyin kan ribar kamfanoni, kuma bincike da dama sun nuna masu aiki da takarda sun ƙaru. Wani abu kuma da zan so mu ɗauko shi ne hukumar sasanci ta Afirka ta Kudu, CCMA, inda wanda aka kora zai kai ƙara kyauta cikin kwana 30 ba sai da lauya ba. Mai gadin da aka riƙe wa albashin wata huɗu a nan, ina zai samu kuɗin zuwa kotun ma'aikata? Sai dai ya kai wa mai unguwa ko Hisbah ko ya bar wa Allah.

To zaɓi. Idan kai ma'aikacin gwamnati ne ko na babban kamfani, yaƙin albashi naka ne ka ci gaba da shi, musamman yanzu da doka ta ce duk shekara uku za a sake dubawa, sai dai ka sani ƙaninka da ke kasuwa ba ya ciki. Idan maganar ƙauye ce da rani, aikin gayya na biya irin na Indiya ya fi rabon baro nesa ba kusa ba, in dai mutum ne zai nema da kansa kuma kuɗin ya shiga asusunsa kai tsaye. Ga Kano da Kaduna masu tsoffin rukunin masana'antu, a fara da wuta da sufetocin da ba a saye da ambulan, kada a fara da alƙawarin arhar lebura, Hawassa ta gwada. Amma idan aka ce in ɗauki ɗaya tak ga jihar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, zan ɗauki rajista mai biya ɗaya da inshorar lafiya a ciki, in ɗora mata gasa irin ta YouWin ga masu sana'ar da suka riga suka tara yara, wanda ya ci a ba shi jari mai kauri da sharaɗin ya rubuta yaransa ya sa musu albashi.

Sharaɗi ɗaya ne idan babu shi duk wannan ba zai yi aiki ba. Tela ba wawa ba ne, ya san ranar da sunansa ya shiga kwamfutar gwamnati washegari zai ga na harajin jiha, ga na ƙaramar hukuma, ga na allon shago, ga na shara, kowa da rasit ɗinsa. Dole dokar ta faɗa ƙarara cewa wanda ya biya wannan kuɗi na wata ya gama da kowa, ya nuna katinsa a wuce shi, kuma jami'in da ya karɓi ko sisi bayan haka akwai lambar da za a kira a hukunta shi. A bi ta hannun ƙungiyoyinsu na teloli da kanikawa da masu adaidaita sahu da 'yan kasuwa wajen karɓa, tunda dama suna tara kuɗin mako kuma sun san wanda ke aiki da wanda ya zo cin banza, amma kuɗin kansa ya tafi asusu ta waya, kada ya kwana a aljihun shugaban ƙungiya.